Yadda Ake Farfaɗo da Ciyawar Filin Golf Bayan Sanyin Hunturu Ya Lalata Ta

Hunturun 2013 zuwa 2014 ya bar wa masu kula da filayen golf na arewacin Amurka da kudancin Kanada tabon da ba su manta ba. A watan Disamba ruwan sama mai daskarewa ya sauka a Toronto da kewayenta, ya zama ƙanƙara a kan ƙasa, dusar ƙanƙara ta zo ta rufe shi, aka shafe watanni ba a ga ciyawa ba. Da komai ya narke a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, sai ga filaye da yawa a Ontario da Michigan ciyawarsu ta mutu, musamman a kan girin, wato dandalin nan mai laushi da ke kewaye da rami. Wasu kulob ɗin sai da suka kwashe ciyawar baki ɗaya suka sake shuka. A Fabrairun 2021 kuma sanyin ya gangara har Texas da Oklahoma, inda ciyawar ƙasashen zafi ake shukawa, ya yi irin wannan ɓarna.

Filayenmu na Kano da Kaduna da Jos ba su san wannan ba. Sanyin hunturunmu ciyawa yake sa wa barci, ta yi rawaya, da an ba ta ruwa kuma zafi ya dawo sai ta farka. Wannan jagora na wanda aiki ko karatu ya kai ƙasashen da ƙasa ke daskarewa ne, ya tsinci kansa cikin ma'aikatan fili, aka wayi gari girin ya bushe kuma 'yan kulob na tambayar yaushe za a buɗe. Abin da nake so ya riƙe tun daga farko shi ne, zafin ƙasa ke yanke hukunci a wannan aiki, ba kalanda ba, ba kuma matsin 'yan wasa ba.

Fara da sanin abin da ya yi kisan

Kada ka taɓa buhun iri sai ka gane me ya faru, domin maganin ya danganta da cutar. Rayuwar ciyawa tana gindinta ne, ɗan farin wurin nan da ke daidai fuskar ƙasa inda ganye da saiwa suka haɗu. Ganye na iya ƙonewa ƙurmus, saiwa na iya raguwa, amma muddin gindin na da rai ciyawa za ta dawo. Sanyi kuwa ta hanyoyi daban-daban yake kai wa gindin nan hari.

Mafi yawan ɓarna a yankin manyan tafkunan Amurka da Kanada daga narkewa da sake daskarewa take zuwa. A ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris sai a samu kwana biyu ko uku na ɗumi, dusar ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwanta a kan girin, ciyawa ta ɗauka hunturu ya wuce ta fara shan ruwa. Daren da sanyi ya dawo da ƙarfi, ruwan da ke cikin gindin ya daskare, ƙanƙarar ta tsotse ƙwayoyin halittar ta farfasa su. Dare ɗaya ya isa. Alamar wannan ita ce mutuwar ta bi kwari da hanyoyin da ruwa ke bi, tudu kuwa yana nan kore.

Na biyu shi ne shaƙewa a ƙarƙashin ƙanƙara. Ciyawa da ƙananan halittun cikin ƙasa suna ci gaba da numfashi ko a cikin sanyi. Idan ƙanƙara mai kauri ta rufe su ruf, iskar da suke shaƙa ta ƙare, iska mai guba ta taru. Wanda ya fasa irin wannan ƙanƙara zai ji wani wari mai tsami na ruɓa, kuma duk mai kula da fili da ya ji warin nan ya san akwai matsala. A nan ne bambancin nau'in ciyawa ke fitowa fili. Bentgiras mai rarrafe, wadda aka fi shukawa a girin na ƙasashen sanyi, na iya jure kwana 120 a ƙarƙashin ƙanƙara, ita kuwa Poa annua, wadda ta mamaye tsofaffin girin da yawa ba tare da an gayyace ta ba, tana fara mutuwa tsakanin kwana 45 zuwa 90. Shi ya sa za ka ga girin ɗaya ya yi dabbare-dabbare: inda bentgiras take kore, inda Poa take fari.

Akwai kuma bushewa, wadda ta fi yawa a filayen Nebraska da Dakota da Alberta, inda iska ke kaɗawa babu dusar ƙanƙarar da za ta rufe ƙasa. Ƙasa a daskare, saiwa ba ta iya jan ruwa, iska kuma na ta busar da ganye da gindi. Wannan tudu yake kamawa, akasin na farko. Sai tsananin sanyi kai tsaye, wanda ya fi kashe ciyawar Bamuda, wato kiri-kirin da muka sani. Sai fumfunar dusar ƙanƙara, mai toka-toka da mai ruwan hoda. Mai toka-tokar yawanci ganye kawai take ci, a kakkaɓe da manjagara a bar iska ta shiga, ciyawa ta dawo. Mai ruwan hodar ta fi mugunta, tana iya kai wa gindi, ba ta ma buƙatar dusar ƙanƙara, sanyi da danshi sun ishe ta, don haka tana iya ci gaba da aiki har cikin Mayu.

Gwaji kafin ƙasa ta farka

Ba sai ka jira Afrilu ba. Tun ƙasa na daskare, ka ciro samfur daga wuraren da kake zargi da kuma wurin da ka tabbata yana lafiya, domin ka samu abin kwatantawa. Idan abin yanka ramin da ƙwallo ke faɗawa ba zai shiga ba, a yi amfani da injin huda mai zagayayyen baki. Ka rubuta wa kowane samfur lambar girin da wurin da aka ciro shi. Ka bar shi ya narke a hankali a wuri mai sanyi na kwana ɗaya, sannan ka kai shi bakin taga a ɗaki mai ɗumin digiri 20 na ma'aunin Salsiyas ko kusa da haka, kana ɗan jiƙa shi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu gaskiya za ta fito. Kada koren ganye na kwanakin farko ya ruɗe ka, domin matacciyar ciyawa kan fito daga ƙanƙara da korenta, sai ta ji ɗumi ta koma ruwan ƙasa. Sabon tsiro kake nema. Ka kuma tsaga gindin da reza ka duba: fari mai tauri yana da rai, mai ruwan ƙasa da ya yi laɓo-laɓo ya tafi.

Da dusar ƙanƙara ta janye, ka zagaya fili da kyamara, ka ɗauki hoton kowane girin daga wuri ɗaya, ka zana taswirar inda ya mutu. Taswirar nan za ta yi maka amfani sau biyu, yanzu wajen lissafin iri da ma'aikata, da kuma kaka wajen gyara sanadin.

Rufe girin, kuma ka yi magana da mutane

Wannan matakin ya fi kowanne wuya domin ba aikin ƙasa ba ne, aikin mutane ne. Duk girin da ya yi mummunar lalacewa a rufe shi, a yanka rami na wucin gadi a gabansa a kan doguwar hanyar ciyawa da ke kaiwa ga girin, a aske wurin ƙasa-ƙasa, a bi shi da abin daddaɓewa, a yayyafa masa yashi domin ya zama abin da mutum zai iya wasa a kai ba tare da ɓacin rai ba. Ramin wucin gadi da aka yi wa aiki da kyau yana rage ƙorafi sosai.

Tsiron bentgiras na mako biyu siriri ne kamar gashi. Mutum ɗari da za su taka shi a yini, kowa ya juya a kan dunduniyarsa kusa da rami, sun isa su mayar da aikin wata guda baya. Masana aikin ciyawa na sashen kula da filaye na hukumar golf ta Amurka, USGA, sashen da aka kafa tun 1920, sun daɗe suna nanata wannan: girin da aka rufe ya fi saurin warkewa nesa ba kusa ba. A ganina mai kula da fili da ya amince aka buɗe da wuri don gudun surutu ya sayi surutun da ya fi wannan a watan Yuli, lokacin da zafi zai zo ya tarar da ciyawa ba ta yi saiwa ba. Sauri ya haifi nawa.

Ka gayyaci shugabannin kulob su ga samfuran da idonsu. Ka riƙa aika wa 'yan kulob hoto da gajeren bayani duk mako. Kada ka ba da ranar buɗewa tun a Afrilu, ka ce musu za ka faɗa idan zafin ƙasa ya daidaita.

Iri, tabarma, ko haƙuri

Ba kowane tabo ke buƙatar shuka ba. Wanda bai wuce tafin hannu ba, kuma akwai bentgiras mai rai a gefensa, zai rufe da kansa idan aka ba shi taki da lokaci. Wanda ya ɗan fi haka a cike shi da toshe: a ciro lafiyayyar ciyawa da abin yanka rami, mai faɗin milimita 108, a dasa a wurin matacciyar. Aiki ne mai cin lokaci amma sakamakonsa nan take ne.

Idan wurin yana da faɗi kuma a tsakiyar girin yake, inda ake yawan kafa rami, tabarmar ciyawa ta fi sauri, wato ciyawar da aka yanko da 'yar ƙasarta aka shimfiɗa. Sai dai akwai tarko. Tabarmar da aka sayo daga gona tana zuwa da ƙasar da ba irin ta girin ɗinka ba, kuma idan ƙasa mai laushi ta hau kan yashi, ruwa zai riƙa tsayawa a tsakaninsu, saiwa ta ƙi sauka. Launinta ma zai bambanta na shekaru. Dabarar da ƙwararru ke yi ita ce su yanko daga wurin renon ciyawa na kulob ɗin, ko daga girin ɗin atisaye, ko daga can bayan girin ɗin da ya lalace inda ba a cika kafa rami ba, sannan su cike gurbin da ta waje. A shimfiɗa ta daidai da fuskar girin ko ƙasa da ita kaɗan, yashi zai cike sauran. Wadda ta ɗago sama injin aski zai ƙwaƙule ta a ranar farko. Bayan ta kama, a riƙa huda ta da ƙananan ƙusoshi ana cusa yashi.

Sauran wurare masu faɗi kuwa sai iri, kuma a nan yawancin aikin yake.

Shuka

Irin bentgiras ƙanana ne ƙwarai, kilo ɗaya na ɗauke da ƙwaya wajen miliyan 13. Ƙwayar da ta kai wannan ƙanƙanta ba ta da guzurin da za ta fasa ƙasa mai zurfi, kuma idan aka watsa ta a kan matacciyar ciyawa za ta bushe a banza. Dole ta taɓa ƙasa, a zurfin da bai wuce milimita kaɗan ba. Don haka sai a buɗe mata hanya: a bi wurin da injin tsaga mai wuƙaƙe a tsaye ta fuska biyu ko uku, ko a huda shi da gajerun ƙusoshi masu yawa da za su bar ƙananan ramuka kusa da kusa. Ramukan nan sun fi tsaga amfani a wurina, domin suna riƙe danshi, suna kuma kare tsiro daga iska da taya. Kada a kwashe matacciyar ciyawar duka. Ita ke riƙe fuskar girin, tana kuma yi wa iri rumfa.

A zuba kamar giram 5 a kowace murabba'in mita, a bi da yashi kaɗan, a share shi cikin ramukan da buroshi mai laushi, a daddaɓe. Cika iri fiye da kima ba ya ƙara sauri, tsiro ne kawai zai yi cunkoso ya raunana, cuta ta samu abinci. Gara a maimaita shuka bayan kwana 10 zuwa 14 a wuraren da ba su kama ba, da abin huda na hannu, ba tare da an tumɓuke wanda ya riga ya fito ba. Wanda girin ɗinsa Poa ne kuma yana son ya ci gaba da ita, yana iya huda lafiyayyen girin ya kwaso 'yan guntayen ƙasar da suka fito ya baza a wurin da ya mutu, domin cike suke da irinta.

Yanzu ga batun zafin ƙasa. Ka soka ma'aunin zafi santimita 5 cikin ƙasa kowace safiya ka rubuta. Idan zafin bai kai digiri 10 ba, bentgiras kusan ba ta motsi, iri na iya kwanciya mako uku ko fiye. Idan ƙasa ta kai digiri 15 zuwa 20, cikin mako guda za ka ga kore. Shuka da wuri ba laifi ba ne, kamar binne ne da manomi ke yi kafin ruwan farko: iri na nan a wurinsa yana jiran lokaci. Laifin shi ne a zaci zai fito don an matsu.

Ana iya taimaka wa ƙasa ta yi ɗumi. Mayafin saƙa mai barin iska da ruwa su ratsa yana ƙara mata 'yan digiri, yana riƙe danshi, yana kuma hana tsuntsaye da masu taka wuri. Yashi mai duhu ko koren rini da ake fesawa suna jan zafin rana. Wasu na jiƙa iri na 'yan kwanaki, suna canza ruwan kullum, kafin su gauraya shi da yashi su shuka. Ƙasashen Norway da Sweden da Finland, inda lokacin tsiro gajere ne, sun zuba bincike mai yawa a kan waɗannan dabaru ta hannun gidauniyarsu ta STERF, haka ma Jami'ar Minnesota da shirinta na WinterTurf. Mayafi dai yana son sa ido. A ranar da rana ta buɗe sosai a ɗage shi, kada tsiro ya dahu a ƙasansa, a mayar da yamma idan ana sa ran sanyin dare. Ɗumi da danshin da ke tsirar da iri su ne kuma ke tayar da fumfuna, don haka a leƙa ƙarƙashinsa kullum.

Ruwa da taki

Da iri ya fara shan ruwa, bushewar sa'o'i kaɗan na iya kashe shi. Ana buƙatar yayyafi sau uku ko huɗu a yini, na ɗan lokaci kaɗan, don saman ƙasa ya zauna da danshi ba tare da ya yi caɓi ba. Matsalar ita ce a ƙasashen nan ana fitar da ruwan bututun ban ruwa tun kaka don kada ya daskare ya fasa su, kuma wataƙila ba a mayar ba tukuna. To sai a cika tankin feshi a bi da tiyo. A ware mutum ɗaya ko biyu wannan ne kawai aikinsu, har Asabar da Lahadi. Iskar Afrilu busasshiya ce, tana yaudarar mutum saboda sanyinta. Idan tsiro ya yi ganye uku ko huɗu, a rage yawan ban ruwan a ƙara zurfinsa, saiwa ta bi ruwa ƙasa.

A lokacin shuka a sa takin farawa mai fosfaros, gwargwadon abin da gwajin ƙasa ya nuna da abin da dokar yankin ta yarda, domin jihohi irin su Minnesota da Michigan sun taƙaita amfani da shi. Bayan tsiro ya fito a riƙa ba shi naitirojin mai narkewa kaɗan-kaɗan, rabin giram zuwa giram ɗaya a murabba'in mita duk mako. Takin gargajiya da mai sakin kansa a hankali ba sa aiki sosai a ƙasa mai sanyi, tunda ƙananan halittun da ke narkar da su ba su farka ba. Zuba taki da yawa lokaci guda kuma ba ya ɗumama ƙasa, ɓarna ce kawai.

Akwai magungunan da aka saba fesawa a wannan lokaci waɗanda bana dole a ajiye su. Maganin da ke hana irin ciyayi tsirowa ba ya bambance irin da ka shuka da wanda ba ka so. Magungunan rage girman ciyawa irin su paclobutrazol da flurprimidol suna danne tsiro. Maganin hana Poa fitar da kai ma a bar shi a wuraren da suka lalace, domin bana kana buƙatar irin nata. Wasu magungunan fumfuna na rukunin DMI su ma suna taƙaita girma, a zaɓi wani rukunin. A karanta takardar kowane magani a ga abin da ta ce game da sabuwar shuka.

Aski da buɗewa

Girin da aka saba aske shi a milimita 3, a ɗaga injin zuwa 4 da rabi ko 5. A yi amfani da injin turawa da hannu, mai wuƙa mai kaifi, a cire abin birgima na gaba mai tsaga-tsaga a sa mai santsi. A jira raɓa ta bushe kafin a shiga, kuma a rage zagayen gefe da ake yi a ƙarshe, nan ne taya ta fi cin ciyawa. Yashi kaɗan duk mako ko biyu yana daidaita fuska yana kare gindi, amma kada a ja shi da tabarmar ƙarfe, a bar ruwa ya shigar da shi. Saukar da tsayin aski a yi shi a hankali cikin makonni.

Wurin da aka shuka da iri yana buƙatar wata biyu zuwa uku na yanayi mai kyau kafin ya ɗauki wasa sosai, tabarma kuwa mako huɗu zuwa shida. Gwaji mai sauƙi shi ne ka kama ciyawar ka ja, ko ka murza ƙafa a kanta a hankali: idan ta motsa, da saura. Ko an buɗe, a kafa rami nesa da wuraren da aka gyara, a sa igiya ta nuna hanyar shiga da fita, a manta da maganar gudun ƙwallo a wannan shekara. Ciyawar bana ba ta da tarin saiwa, a Yuli da Agusta za ta buƙaci ban ruwa da hannu da tsakar rana.

Idan ciyawar Bamuda ce

A kudancin Amurka lissafin ya bambanta. Nau'o'in girin irin su TifEagle da Champion da MiniVerde ba a shuka su da iri, da yankakkun rassa ake dasa su, kuma ba sa kamawa sai ƙasa ta kai digiri 18. Bamuda tana jinkirin farkawa, don haka kada a yanke mata hukunci a Maris. A tono rassanta na ƙarƙashin ƙasa a karya: fari mai ƙaras yana da rai. Idan dasawa ta zama dole, sai ƙarshen Mayu ko Yuni, a ba ta kamar mako takwas a rufe. A doguwar hanyar ciyawa kuma a tuna cewa magungunan hana tsiro irin su prodiamine suna hana sababbin rassa kafa saiwa.

Kafin wani hunturun

A ɗauko taswirar nan ta Afrilu a watan Satumba. Inda ruwa ya kwanta ya kashe ciyawa, a duba bakin girin: yashin da ake yayyafawa shekara da shekaru yakan taru a gefe ya zama ɗan tudu mai tare ruwa. A ɗage tabarmar wurin, a rage ƙasar, a mayar. Wasu na yanka 'yar siririyar hanya daga kwarin zuwa waje kafin ƙasa ta daskare, su rufe ta idan hunturu ya wuce. Huda mai zurfi a ƙarshen kaka ma na ba ruwan narkewa wurin sauka.

Sai bishiyoyi. Rana a hunturun arewa ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, bishiyar da ke kudu ko gabashin girin tana hana ciyawa tara abinci a kaka, tana kuma hana ƙanƙara narkewa. Inuwa Poa take taimaka wa a kan bentgiras. Sare bishiya a kulob rigima ce, amma hotunan da ka ɗauka za su nuna cewa layin mutuwar da layin inuwar ɗaya ne. A ɗaga tsayin aski tun Oktoba, a daina naitirojin mai yawa, a fesa maganin fumfunar dusar ƙanƙara kafin ta farko ta kwanta. Masu Bamuda su tanadi mayafi da mutanen da za su shimfiɗa shi duk daren da hasashe ya nuna sanyi zai sauka ƙasa da digiri 4 a ƙarƙashin sifili, kuma kada su bar ƙasar girin ta bushe a hunturu. Kulob ɗin da ba shi da wurin renon ciyawa ya ware ko da murabba'in mita 300 ne, a gina shi da irin yashin girin, a riƙa aske shi da ba shi taki daidai da sauran.